Annie Wittenmyer: Marubuciyar Da Ta Ciyar Da Sojoji Marasa Lafiya

A wannan mako za mu duba rayuwar wata baiwar Allah, Annie Wittenmyer, wadda ta yi wa Ubangiji hidima da alƙalami da kuma tukunya.

An haife ta a jihar Ohayo ta Amurka a shekarar 1827. Ta yi aure a 1847, kuma a 1850 ita da maigidanta suka koma garin Keokuk a jihar Ayowa. A can ta buɗe makaranta kyauta domin 'ya'yan talakawa, ta kuma kafa makarantar Lahadi. 'Yar ikkilisiyar Metodis ce. Rayuwa ba ta zo mata da sauƙi ba: cikin 'ya'yan da ta haifa ɗa guda ne kaɗai ya rayu.

Da yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861, sai ta shiga ƙungiyar matan Keokuk masu taimakon sojoji. Tana zagaya sansanoni da asibitoci, tana rubuto wa matan gida abin da ake bukata, su kuwa suna tara barguna da tufafi da abinci. A 1862 jihar Ayowa ta ɗora mata wannan aiki a hukumance.

Wata rana a wani asibitin soja a garin Sedaliya ta tarar da ƙanenta kwance, zazzaɓin taifod da atini sun kama shi. Abin da aka kawo masa shi ne baƙin kofi da burodi da soyayyen naman alade mai maiƙo. Yaya mai ciwon ciki zai ci wannan? Nan ta gane cewa ba harsashi kaɗai ke kashe soja ba, har da abincin da bai dace da majiyyaci ba.

Daga nan ta kawo shawarar a kafa ɗakunan girki na musamman a asibitocin soja. Likita ne zai faɗi abin da kowane majiyyaci zai ci, mata biyu kuma su lura da dahuwar. Hukumar Kirista ta Amurka ta ɗauki nauyin aikin a 1864, kuma kafin yaƙi ya ƙare a 1865 an buɗe irin waɗannan ɗakuna kusan ɗari. Ba ta tsira daga bakin mutane ba, gama an zarge ta da almundahana da kayan taimako, amma ta kawo lissafinta ta wanke kanta.

Ba ta manta da 'ya'yan waɗanda suka mutu ba. Ta yi fafutukar kafa gidan marayun sojoji, wanda aka mayar garin Davenport a 1865. A 1949 aka sa wa gidan sunanta.

Bayan yaƙi ta koma ga rubutu. Ta shirya mujallu na mata da yara Kirista, ta rubuta waƙoƙin sujada, kuma a 1895 ta buga littafin abin da ta gani a yaƙi, mai suna Under the Guns. Ita ce shugabar farko ta ƙungiyar matan Kirista masu yaƙi da shan barasa, daga 1874 zuwa 1879. Ta kuma matsa wa majalisa har aka amince da fansho ga matan da suka yi jinyar sojoji a 1892. Ta rasu a 1900 a jihar Fensilfeniya.

Mu da muka karanta Matiyu sura 25 mun san Ubangijinmu zai tambaye mu game da mayunwata da marasa lafiya. A cikin ikkilisiyoyinmu akwai gwaurayen sojoji da marayunsu, akwai kuma masu kwance a asibiti da ba mai kai musu ko kunu. Zumuntar mata da dattawa, wa zai fara? Allah ya ba mu zuciyar hidima. Amin.