SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO: KHALIFAN DA YA YI RUBUTU A KAN FILASKO



Da yawanmu idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, jihadi da mulki kawai muke tunawa. Kaɗan ne suka san cewa malamin ɗibbu ne, mai bibiyar ilimin magunguna.

An haife shi a shekarar 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da baffansa Malam Abdullahi. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, aka yi masa mubaya'a a 1817 bayan rasuwar Shehu. Shekara 20 yana riƙe da daula, ga yaƙe-yaƙe ga gina ribaɗoɗi, amma bai ajiye alƙalami ba.

Cikin abin da ya bari akwai littattafan magani. Ya yi talifi a kan ciwon ido, ya yi a kan basir, ya tattara abin da ya zo na ɗibbun Nabawi. Har risala guda ya ware wa sana, wato ganyen da muke kira filasko, da yadda ake sassauta ciki da shi. Ganyen nan ambatonsa ya zo a hadisan Tirmizi da Ibnu Majah.

Kuma bai ƙyamaci ilimin wasu ba. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema har da a turo masa likita daga Ingila ya zauna a ƙasarsa. Khalifa ke nan, ɗan Shehu, bai ga hakan ya taɓa tawakkalinsa ba.

Bayan rasuwarsa da shekara ɗari da 'yan kai, masana suka tace sinadarin da ke aiki a cikin wannan ganye. Suka gano sai ya isa babban hanji yake fara aiki, shi ya sa yake ɗaukar awa 6 zuwa 12. Suka kuma gano yawan shansa na ƙarar da ruwa da gishirin jiki. Yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma da ƙayyadadden awo.

To a nan gizo ke saƙar. Mu nan Bagwai da ƙauyukanmu, ranar kasuwa za ka ga mai lasifika da jarka, magani ɗaya wai na cuta arba'in, ba awo ba ƙa'ida. In ka yi magana a ce ai itace ne, ba ya illa. Zaƙami ma fa tsiro ne, kuma mun san abin da yake yi wa hankalin matasa. Ƙoda da hanta amana ce, za a tambaye mu a kansu.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, can kabarinsa yake. Gadon da ya bar mana shi ne a nemi magani da ilimi. Mai ciwo ya je a auna shi. Mai ba da magani ya ji tsoron Allah, ya tsaya inda saninsa ya tsaya. Ɗalibanmu masu karatun haɗa magunguna kuma, ga itatuwanmu nan suna jiran bincikenku.

Allah Ya gafarta masa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.