John Milne: Baturen Da Girgizar Ƙasa Ta Sauya Wa Sana'a

An haifi John Milne a birnin Liverpool na Ingila a shekarar 1850. Aikin haƙar ma'adinai ya koya, kuma da wannan sana'a ce Gwamnatin Japan ta ɗauke shi ya koyar a wata kwaleji a Tokyo. Da yake jirgin ruwa yana sa shi jiri, sai ya bi ta ƙasa, ya ratsa Rasha da Sin, ya isa a 1876.

Da zuwansa sai ya tarar da ƙasar da ba ta zama wuri ɗaya. Yau gida ya motsa, gobe dutse ya yi aman wuta. Tun yana hawan duwatsun nan don ganin ƙwaƙwaf, har abin ya shiga ransa. A watan Fabrairu na 1880 girgizar ƙasa ta auka wa Yokohama, ta ɓarnata gidaje. To, wannan ita ce ta raba shi da ma'adinai. A shekarar nan shi da waɗansu masana, Turawa da Japanawa, suka kafa ƙungiyar binciken girgizar ƙasa, irinta ta farko a duniya.

Abin da ya dame shi shi ne, kowa yana ba da labarin girgiza, amma babu ma'auni. Saboda haka shi da abokan aikinsa biyu, Ewing da Gray, suka dukufa wajen ƙera na'urar da ke zana motsin ƙasa. Amfaninta a fili yake, domin sai an san yadda ƙasa ke motsi sannan magini zai san irin ginin da ba zai danne mutane ba. Girgizar 1891, wadda ta hallaka mutum fiye da 7,000 a tsakiyar Japan, ta nuna aikin nan ba na wasa ba ne.

A 1895 gobara ta cinye gidansa da littattafansa. Ya koma Ingila tare da matarsa 'yar Japan, bayan Sarkin Japan ya ba shi lambar girma. Bai karaya ba. Ya sa aka kakkafa na'urorinsa a ƙasashe masu yawa, ana aiko masa da rahoto, har ya zamana yana zaune gida yana gano inda ƙasa ta girgiza a wata uwa duniya.

Ya rasu a 1913, yana da shekara 62.