Charlotte Ray, Baƙar Mace Ta Farko Da Ta Zama Lauya A Amurka

A wannan mako za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, mu ji tarihin wata mata da ta rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sunanta Charlotte Ray, kuma ita ce mace baƙar fata ta farko da ta zama lauya a wannan ƙasa. Ta yi karatu, ta ci jarrabawa, kotu ta ba ta iznin aiki, amma duk da haka aikin lauya bai iya ciyar da ita ba. Dalilin da ya sa haka shi ne abin da nake so mu duba tare.

An haife ta a birnin Niyok ran 13 ga watan Janairu, 1850. A lokacin nan kuwa ana nan ana cinikin bayi baƙar fata a jihohin kudancin Amurka, don ba a soke bauta a ƙasar baki ɗaya ba sai cikin 1865. Mahaifinta, Charles Ray, limamin coci ne, kuma ya taɓa riƙe wata jarida ta baƙar fata. Shi da mai ɗakinsa suna cikin masu taimakon bayin da suka gudo daga kudu. Mutum ne mai son ilmin 'ya'ya mata ƙwarai, har ɗaya daga cikin 'yan'uwan Charlotte, watau Cordelia, ta yi suna wajen rubuta waƙoƙi.

Da Charlotte ta tasa, sai aka aika da ita Washinton, babban birnin ƙasar, wata makaranta da wata Baturiya mai suna Myrtilla Miner ta kafa cikin 1851 don koyar da 'yan mata baƙar fata. Irin waɗannan makarantu ba su da yawa a zamanin. Ta gama cikin 1869, tana da shekara 19, nan da nan aka ɗauke ta koyarwa a sashen horon malamai na Jami'ar Howard. Ita wannan jami'a an kafa ta ne cikin 1867 musamman saboda bayin da aka 'yanta da 'ya'yansu, kuma a shekarar da Charlotte ta kama aiki aka buɗe sashen koyon aikin lauya a cikinta.

To, sai malama ta koma ɗaliba. Tana koyarwa, tana kuma bin darussan shari'a, ta fi mai da hankali ga dokokin ciniki da na kamfanoni. Ta taɓa karanta wata maƙala da ta rubuta a kan dokar kamfanoni, abin ya ba mutane mamaki, har shugaban jami'ar, Janar Howard, ya ambaci zancen cikin rahotonsa na shekara. A watan Fabrairu, 1872 ta gama, ita ce mace ta farko da ta fita daga wannan sashe. A cikin shekarar kuma aka rubuta sunanta cikin lauyoyin gundumar Washinton, kafin ita babu wata mace, baƙa ko fara, da ta sami haka a gundumar.

Don mu gane girman wannan abu, sai mu dubi abin da ya sami wata Baturiya mai suna Myra Bradwell. Ita ta ci jarrabawar lauyoyi a jihar Illinois cikin 1869, amma aka hana ta aiki saboda ita matar aure ce. Ta kai ƙara har Kotun Ƙoli ta Amurka, cikin 1873 kotun ta goyi bayan jihar. Ashe ke nan ƙofar da aka rufe wa Baturiya, ita ce wannan baƙar yarinya mai shekara 22 ta shige.

Charlotte ta buɗe ofishinta a Washinton, ta sa talla a jaridar da Frederick Douglass yake bugawa, shahararren baƙar fatan nan da ya tsere daga bauta. Shari'ar da aka fi tunawa da ita kuwa ta wata mata ce, Martha Gadley, cikin 1875. Martha ba ta iya karatu da rubutu ba, mijinta kuma mashayi ne. In ya bugu sai ya hau ta da azaba. Wata rana da dare ya ɗauki gatari ya farfasa katakon daɓen ɗakinsu na bene, yana barazanar tura ta ƙasa. Tana kwance ba lafiya ya hana ta ruwan sha. Da ta fita, ya bi ƙofa ya kafe da ƙusa, ya sa kwaɗo. Ta nemi kotu ta raba auren, aka kori ƙararta, don a zamanin dukan mata ba abin da dokar ƙasar ta damu da shi ba ne sosai.

Charlotte ta karɓi ƙarar, ta rubuta kukan Martha dalla-dalla, ta gabatar da shi gaban babban kotun gundumar Washinton. A ƙarshe aka raba auren, Martha ta sami kanta. Duk wadda ta san yadda mace take jin nauyin faɗa wa namiji abin da ke faruwa a cikin ɗakinta, za ta gane amfanin samun 'yar'uwarta mace a wannan aiki.

Amma fa shari'a ɗaya ba ta riƙe ofis. Lauya ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai jira albashi a ƙarshen wata, abincinsa yana hannun masu kawo masa ƙara. Manyan attajirai da masu bankuna da masu kamfanoni, waɗanda su ne ke bukatar irin ilmin da Charlotte ta ƙware a kansa, kusan dukkansu Turawa ne maza, kuma ga 'yan'uwansu suke kai aikinsu. Su kuwa baƙar fatan Washinton, da yawansu ba su daɗe da fita daga bauta ba, ba su da abin biyan lauya. Wanda yake da ɗan hali ma, sai ya yi tunani: alƙali Bature ne namiji, lauyan abokin shari'a Bature ne namiji, yaya zai damƙa gidansa ko dukiyarsa a hannun mace baƙa? Daɗin daɗawa, cikin 1873 ciniki ya karye a Amurka, sa'an nan cikin 1874 bankin da aka kafa don ajiyar 'yantattun bayi, wanda babban ofishinsa yake nan Washinton, ya rushe da kuɗin dubban talakawa.

Haka ta yi ta zama a ofis, mai sallama sai jefi-jefi. Kafin shekarar 1879 ta ƙare ta rufe shi ta koma Niyok, ta kama aikin koyarwa a makarantun unguwar Brooklyn. Bayan shekaru, cikin 1897, wata lauya Baturiya da ta san ta, Kate Rossi, ta shaida wa wata jarida cewa Charlotte tana cikin gwanayen dokar kamfanoni, kuma ƙyamar da ake nuna mata ce ta hana ta samun aikin da zai riƙe ta.

Barin ofis bai sa ta naɗe hannu ba. Tun cikin 1876 ta halarci babban taron ƙungiyar matan da ke neman a ba mata ikon jefa ƙuri'a, daga baya kuma ta shiga ƙungiyar mata baƙar fata ta ƙasa. Ta yi aure, aka koma kiranta Charlotte Fraim. Ta rasu ran 4 ga watan Janairu, 1911 a Woodside, sanadin ciwon ƙirji, saura kwana tara ta cika shekara 61. Ba ta ga ranar da aka ba matan Amurka ikon ƙuri'a ba, don wannan bai tabbata ba sai cikin 1920.

Abin da ya kore ta daga aikin ya daɗe bayan rasuwarta. Cikin 1912 babbar ƙungiyar lauyoyin Amurka ta gano ta karɓi waɗansu baƙar fata uku ba da saninta ba, sai ta kafa sharaɗin da ya toshe wa sauran hanya, ba ta janye ba sai cikin 1943. Wannan ya sa lauyoyi baƙar fata suka kafa tasu ƙungiyar cikin 1925, kuma akwai mace ɗaya, Gertrude Rush, cikin waɗanda suka kafa ta. Jane Bolin, wadda ta gama karatun lauya a Jami'ar Yale cikin 1931, ita ma ta sha yawon neman aiki a ofisoshin lauyoyi ana sallamarta. Sai cikin 1939 magajin garin Niyok ya naɗa ta alƙali, ta zama baƙar mace ta farko da ta hau wannan kujera a Amurka. Cikin 1966 aka naɗa Constance Motley alƙalin kotun tarayya. Kotun Ƙoli kuwa, wadda ta kori ƙarar Myra Bradwell, ba ta ga baƙar mace a kan kujerarta ba sai cikin 2022, lokacin da aka rantsar da Ketanji Jackson, watau shekara 150 cif bayan Charlotte ta karɓi takardarta. Yau akwai lambar yabo da mata lauyoyi baƙar fata na yankin Washinton suke bayarwa da sunanta.

To, 'yan'uwa, abin lura a nan shi ne, doka ba ta hana Charlotte aiki ba. Mutane ne suka hana ta, kowa ya ɗauki ƙararsa ya wuce ta ƙofarta ya kai wani wuri, ba tare da ya ga kamar ya yi laifi ba. Makaranta tana iya buɗe wa yarinya ƙofa, hukuma ta ba ta takarda, amma in masu ɗaukar ma'aikata da masu ba da aiki suka tsaya duban launin fatarta, ko asalinta, ko kasancewarta mace, to, takardar sai ta zama abin rataye a bango.

Saboda haka in muka ji wata 'yarmu ta gama karatu ta buɗe wurin aiki, kada mu tsaya ga yi mata barka da guɗa kawai. In ta cancanta, mu kai mata aikinmu, mu biya ta haƙƙinta, mu kuma nuna wa waɗansu ƙofarta.