Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun: Murya Da Masu Karɓa Mata

Duk wanda ya tashi a yammacin Zamfara, tun daga Anka har Bukkuyum da Gummi, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo tana fitowa daga akwatin rediyo ba. A yau an kwashe waƙoƙinsa daga tsofaffin fayafayai da kaset-kaset an zuba su cikin wayoyi, amma sunan mutum ɗaya ake rubutawa a kansu. Wannan ne ya sa muka ga ya kyautu a waiwayi tarihinsa, domin waƙar fada ba aikin baki ɗaya ba ce.

An haifi Musa a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne wanda ya yi kiɗan noma, ya kuma yi wa sarautar Maradun kiɗa. An ce a gidan akwai wani mai suna Ƙwairo wanda Allah ya hore wa zaƙin murya. Da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa, sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo, har laƙabin ya shafe sunan yanka.

Bayan rasuwar Ɗankwanda, ragamar kiɗan gidan ba ta faɗo hannun Musa ba, wansa Abdu Kurna ne ya gaje ta. Musa ya zama mataimakinsa, watau daunin kiɗi, ya yi shekaru yana karɓa masa. A ganinmu nan ne makarantarsa ta gaskiya. Mai karɓi ba maimaita gindin waƙa kurum yake yi ba. Dole ya san inda jagora zai ajiye numfashi, ya tare shi kafin magana ta faɗi ƙasa, ya yi masa ƙari da abin da ya dace, alhali hannunsa na kan kotso. Wanda ya saurari waƙoƙin Ɗanƙwairo da kunnen basira zai ji yadda yakan fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su ɗauka su ƙarasa, kamar zuciyarsu ɗaya. Wanda bai taɓa zama a sahun baya ba, da wuya ya amince wa yaransa haka.

Sunansa ya game ƙasa ne a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, wanda ya yi wa waƙoƙin da suka fi kowaɗanne fice. Kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu, 1966 ya raba shi da babban ubangida, amma bai ajiye kotso ba. Ya waƙe 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero, cikin Hausar Zamfara tsantsa, mai cike da kirari da zambo ga 'yan sarki masu jiran gado.

Kurna kuwa bai sami rabon na'urar ɗaukar magana kamar ƙanensa ba, shi ya sa ɗalibai da dama sai a takarda suka san shi.

Allah ya yi wa Ɗanƙwairo rasuwa a 1991, shekara biyar kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara. 'Ya'yansa, waɗanda suka daɗe suna karɓa masa, su suka ci gaba da kiɗan gidan.