Labarin Rumford, Mai Tatsar Zafin Hayaƙi

Cikin mutanen da mu ke gamuwa da sunansu a darasin zafi akwai wani da a ke kira Rumford. Sunansa na yanka Benjamin Thompson. An haife shi a shekara ta 1753 a wani ƙauye mai suna Woburn, kusa da Boston, lokacin ƙasar Amurka tana hannun Ingila. Ɗan manomi ne, ubansa kuwa ya rasu tun bai cika shekara biyu ba. Ya yi yaron kanti, sa'an nan ya zama malamin makaranta, watau aikin nan da mu ke shirin kamawa. Yana da shekara 19 ya auri wata mai dukiya wadda mijinta ya mutu, a garin Concord, wanda dā a ke kira Rumford.

Da yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Ingila a 1775, sai ya bi bayan Sarkin Ingila, har yana kai wa sojansa asirin mutanen garinsu. Da abin ya yi tsanani ya gudu Landan, ya bar matarsa da 'yarsa ƙarama, bai kuwa sāke saduwa da matar ba har ta mutu. Wannan kam ba mu sami abin da za mu kāre shi da shi ba.

Bayan yaƙi ya tafi Bavariya, cikin ƙasar Jamus, ya kama aiki wajen mai mulkinta, Karl Theodor. Ran 1 ga Janairu, 1790, ya sa aka tattara mabaratan birnin Munik, aka kai su wani gida inda su ke saƙa da ɗinkin tufafin soja, ana ba su lada da abinci. To, a nan ne ilminsa ya sami abin yi. Wanda zai ciyad da taro haka kullum tilas ya lasafta ko wane ƙirare. Ya shiga auna itacen da a ke ƙonewa da ruwan da a ke tafasawa, sai ya tarar yawancin zafin bai taɓa tukunya ba, hayaƙi ya kwashe shi ya yi sama.

Ga dabarar da ya yi. Ya gina murhu na tubali a rufe, tukunya ta nutse cikinsa har wuya. Ko wace tukunya da 'yar wutarta, da 'yar ƙofar da a ke ƙara iska ko a rage. Hayaƙi kuwa ba a barinsa ya fita kai tsaye. Sai ya kewaya jikin tukunya tukuna, sa'an nan ya bi ta ƙarƙashin wata tukunyar ruwa ya ɗumama ta, kāna ya sami hanyar fita. Mu da mu ka san murhun duwatsu uku a 'Yankuzo da Tsafe, inda harshen wuta ke lasar iska ta ko wane gefe, da nisan da a ke yi neman itace, lalle mun san abin da mutumin nan ya hango. Saboda ayyukansa aka ba shi sarauta irin ta hakiman Turai, ya zaɓi a kira shi da tsohon sunan garin matar da ya bari.

A 1796 ya rubuta yadda za a gyara murhun jin ɗumi na gidajen Ingila. Ya rage zurfinsa, ya karkata bangon gefe domin zafi ya komo cikin ɗaki, ya matse maƙogwaron bututun hayaƙi ya zama kamar inci 4. Aka gyara ɗaruruwa a Landan. A 1798 kuma ya ba da labarin gwajin da ya yi a maƙerar igwa ta Munik. Ya sa dawaki su na juya igwa, dasasshen ƙarfe na gugar cikin bakinta wanda ke nutse a ruwa, cikin sa'a biyu da rabi ruwan ya tafasa ba wuta. Masana na zamanin su na tsammani zafi wani abu ne mai kwarara, shi kuwa ya nuna motsi ne.

Waɗansu sun ɗora a kan hanyarsa. A 1845 Edward Green na Wakefield ya jera bututan ruwa a hanyar hayaƙin manyan tukwanen masana'anta, ruwa ya yi ɗumi kafin ya shiga tukunya. Yau a ƙasashen sanyi akwai tukwanen ɗumama gida masu aiki da mai, waɗanda ke sanyaya hayaƙi har tururin da ke cikinsa ya koma ruwa, ya saki sauran zafinsa. Amma abin da iyaka. Zafi ne ke ɗaga hayaƙi. In an tatse shi ƙaf sai ya ƙi tashi, ya komo cikin ɗaki da gubar da ke kisa ba wari. Ruwan da ya tsatsafo kuma yana da tsami saboda farar wutar da ke cikin mai, ya kan ci ƙarfe. Don haka a ke yi musu bututu wanda ba ya tsatsa, da magudana, da fanka mai tura hayaƙin waje.

Shi da Joseph Banks su ka kafa Royal Institution a Landan a 1799. Amma zama da shi da wuya. A 1805 ya auri matar marigayi Lavoisier, mashahurin masanin nan na Faransa, ba su yi nisa ba su ka rabu. Ya rasu a Auteuil, kusa da Faris, ran 21 ga Agusta, 1814. Ya bar wa jami'ar Harvard, a ƙasar da ya gudu ya bari, dukiyar da za a riƙa biyan malami mai koyad da yadda ilmi zai yi amfani ga sana'a.