Bobby Moore, Kyaftin ɗin Ingila

A wasan ƙwallon ƙafa, wanda ya ci ƙwallo shi ake yi wa tafi. Ɗan wasan baya kuwa ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya yi kuskure. Amma akwai 'yan baya ƙalilan da sunansu ya yi fice kamar na masu cin ƙwallo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bobby Moore, mutumin ƙasar Ingila.

An haifi Robert Frederick Chelsea Moore ranar 12 ga watan Afrilu, 1941, a garin Barking da ke gabashin Landan, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Yana yaro ya shiga ƙungiyar West Ham United, wadda ba ta da nisa da gidansu. Ya buga wa babbar ƙungiyar wasansa na farko a watan Satumba, 1958, a karawarsu da Manchester United, yana ɗan shekara 17. Ya sa riga mai lamba 6, kuma da wannan lamba aka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

Abin mamaki shi ne, Moore ba shi da gudu sosai, kuma bai shahara wajen sa kai ba. Baiwarsa a ƙwaƙwalwa take. Yakan lura da inda abokin hamayya zai aika ƙwallo tun kafin ya buga ta, sai ya riga kowa zuwa wurin. Idan ya ƙwace ƙwallo ba ya ɗirka ta sama don ya rabu da ita. Yakan tsaya ya ɗaga kai, ya duba, sa'an nan ya miƙa ta ga ɗan'uwansa. Mai horar da West Ham, Ron Greenwood, yana son irin wannan wasa na natsuwa, saboda haka Moore ya sami malamin da ya dace da shi.

A shekarar 1962 ya fara buga wa ƙasarsa, ya kuma halarci gasar Kofin Duniya a ƙasar Chile. Shekara ɗaya bayan haka ya jagoranci 'yan wasan Ingila a karo na farko, yana da shekara 22 kacal. A 1964 West Ham ta ci Kofin FA, ta doke Preston North End da ci 3 da 2. A ƙarshen wannan shekara aka yi masa aiki a asibiti saboda cutar daji. Ya ɓoye maganar, jama'a ba su sani ba sai bayan mutuwarsa. Cikin 'yan watanni ya koma fili, kuma a 1965 ya sake ɗaga kofi, bayan West Ham ta cinye ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus da ci 2 da nema a wata gasa ta nahiyar Turai. Duka wasannin biyu a filin Wembley aka yi su.

Kofi na uku da ya ɗaga a Wembley shi ne mafi girma. Ranar 30 ga watan Yuli, 1966, Ingila ta kara da Jamus ta Yamma a wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Jamusawa ne suka fara ci. Ba a jima ba aka yi wa Moore ƙeta, alƙalin wasa ya ba da bugun tazara. Kafin Jamusawa su gama shiri, Moore ya tashi ya auna ƙwallo kan Geoff Hurst, shi kuwa ya sa kai ta faɗa raga. Aka tashi 2 da 2, aka shiga ƙarin lokaci, Ingila ta ƙara ɗaya. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, ƙwallo ta zo wurin Moore kusa da ragarsu. Wani ɗan baya da sai ya buga ta waje don lokaci ya ƙare. Shi kuwa ya tare ta a hankali, ya aika wa Hurst doguwar ƙwallo, Hurst ya ci ta huɗu. Da Moore ya hau matakala zai karɓi kofi, sai ya ga Sarauniya Elizabeth ta Biyu tana sanye da farar safar hannu, nasa hannuwan kuwa duk laka. Ya tsaya ya goge su kafin ya gaisa da ita.

Shekarar 1970 ta zo masa da jarrabawa. A kan hanyarsu ta zuwa Kofin Duniya a Meziko, 'yan wasan Ingila suka yada zango a Bogota, babban birnin Kolambiya. A can aka zarge shi da satar awarwaro mai tsada daga wani kanti. Aka tsare shi kwana huɗu, abokansa suka wuce suka bar shi. Ba a sami wata shaida ba, aka sake shi, daga baya kuma aka wanke shi. Duk da wannan tashin hankali, mutane da yawa suna ganin wasan da ya yi da Burazil a birnin Guadalajara shi ne mafi kyau a rayuwarsa. Burazil ta yi nasara da ci 1 da nema, amma har yau ana nuna yadda ya zare ƙwallo daga ƙafar Jairzinho ba tare da ya taɓa shi ba. Bayan an tashi, shi da Pele suka yi musayar riguna suna murmushi.

Ya buga wa Ingila wasansa na ƙarshe a 1973. Jimillar wasanninsa 108 ne, kuma a 90 daga ciki shi ne kyaftin. A 1974 ya bar West Ham ya koma Fulham. Ikon Allah, a wasan ƙarshe na Kofin FA na 1975 sai Fulham ta haɗu da West Ham, tsohuwar ƙungiyarsa ta cinye su 2 da nema. Ya ɗan taka leda a Amurka kafin ya rataye takalmansa.

Rayuwarsa bayan wasa ba ta yi armashi ba. Ya horar da ƙananan ƙungiyoyi irin su Southend United, bai yi wata babbar nasara ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ba ta ba shi wani muƙami ba, kuma wannan ba ƙaramin sakaci ba ne ga mutumin da ya ɗauko wa ƙasar kofi. Daga bisani ya koma yin sharhin wasanni a rediyo.

Cutar daji ta sake kama shi, wannan karon a hanji. Ya mutu ranar 24 ga watan Fabrairu, 1993, yana da shekara 51. Shi ne na farko da ya mutu cikin 'yan wasa 11 da suka buga wasan ƙarshe na 1966. Matarsa ta kafa asusu da sunansa don tallafa wa bincike kan cutar dajin hanji. A 2007 aka kafa mutum-mutuminsa a gaban sabon filin Wembley, a 2008 kuma West Ham ta daina ba kowane ɗan wasa riga mai lamba 6.