Marigayi Audu Bako, Ɗan Sandan Da Ya Tare Wa Kano Ruwa

A wannan fitowa za mu duba rayuwar marigayi Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Da wuya a yi zancen ruwa da ƙasar noma a Kano ba a ambaci sunansa ba. 'Yan'uwanmu na Gaya da Ajingi kuwa zancen ya shafe su sosai, gama ruwan da ya tare a sama shi ne yake gangarowa ta Wudil, ya bi ta gefen ƙasarsu, ya nufi Ringim da Haɗeja.

An haifi Audu Bako a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aiki. Ya yi karatu a Kaduna da makarantar Midil ta Zariya, sa'an nan ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Ya koyar a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ya kuma riƙa hawa har ya zama ɗaya daga cikin manyan hafsoshin 'yan sandan Arewa. Babu abin da ya nuna a lokacin cewa da noma da ruwa za a riƙa tunawa da shi.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, aka ba Audu Bako riƙon Kano. Jihar sabuwa ce, ƙasa kuma tana bakin yaƙin basasa. Kano ta wancan zamani ta haɗa har da ƙasar Jigawa, wadda ba a cire ta ba sai a 1991. Gaya a lokacin gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano. Sabon gwamnan ya fara da gyaran mulkin En'e, ya mai da wasu ayyuka daga hannun sarakuna zuwa hannun gwamnatin jiha, ya kuma jawo matasa masu ilimi cikin aiki. Ta haka aka sami sababbin shugabanni da injiniyoyi 'yan ƙasa waɗanda suka ɗauki nauyin ayyukan da suka biyo baya.

Kafin mu shiga aikinsa, ya kamata mu san irin ƙasar da ya tarar. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin hanyar riƙe gona shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba, ko da yake jama'a sun yi yawa, gonaki kuma ƙanana ne. Da rani suna jigilar taki da toka a mangala bisa jakuna, suna yin yarjejeniya da Fulani shanu su kwana a gona. Suna barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar shuka, suna dasa gamba a kan iyaka domin ta tare yashi, suna haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Gawo kuwa itace ne mai ban mamaki: da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya hana gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Wani masani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin wannan hikima, ya nuna wa duniya cewa yawan jama'a bai kashe ƙasar Kano ba, domin hannuwa masu yawa ne suke kula da ita. Abin da manomin ya rasa shi ne ruwa in damina ta ƙi.

Nan ne Audu Bako ya sa ƙarfinsa. A 1969 aka fara madatsar ruwa ta Bagauda, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Daga nan aka shiga babban aiki, watau madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Tafkin Tiga yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, daga gare shi aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Wuraren da dā ake zaman kashe wando da rani suka koma noman alkama da shinkafa da tumatir da albasa. A zamaninsa ne kuma aka buɗe gidan namun daji na Kano wanda yake ɗauke da sunansa, kamar yadda sakatariyar jiha da kwalejin aikin gona ta Ɗambatta suke ɗauke da shi.

Ana cikin ginin Tiga sai babban fari na 1972 zuwa 1974 ya faɗa wa ƙasashen Sahel. Gero ya bushe a tsaye, dabbobi suka mutu, mutane suka kwararo birni neman abinci. A 1975 kuma cuta ta cinye gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta kama hanyar ɓacewa. Waɗanda suka ɗauki tare ruwa a kan ɓarnar kuɗi suka ga amfaninsa da idonsu.

Amma tarihin mutum ba ya cika in an faɗi rabi an bar rabi. Tafkin Tiga ya tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu. Ruwan da aka tare a sama kuma ya rage ambaliyar da take shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suke samun abinci. Da aka ƙara madatsar Challawa a 1992, yanayin kogin ya ƙara sauyawa, ciyawar kacalla ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa. Ita ma Bagauda ta fashe a daminar 1988, ta yi ɓarna mai yawa. Shi kansa gwamnan, juyin mulkin 29 ga Yuli 1975 wanda ya kawo Murtala Muhammad ya sauke shi. Binciken da aka yi wa gwamnonin Gowon 12 ya wanke biyu ne kaɗai, Mobolaji Johnson da Oluwole Rotimi, shi kuwa ba ya cikin biyun. Ya koma gona, ya rasu a 1980. Duk da haka mutanen Kano sun ci gaba da yabonsa, domin abin da ya gina yana nan ana gani.

To, me wannan rayuwa take koya wa mutanen Gaya da Ajingi? Yawancin gonakinsu jigawa ce, magudanan Tiga ba su kai gare su ba, da ruwan sama suke noma. Abokan gabarsu su ne iskar da take kwashe ƙasar sama da rani, da ruwan da yake tsaga kwazazzabai da damina, da gatarin masu itacen girki da gawayi. Waɗannan kuwa babu madatsar da za ta tare su. Gwamna yana iya kawo katafila ya tare kogi, amma ba zai iya tsayawa a kowace gona ya hana akuya cin dashe ba. Wannan aikin mai gona ne da maƙwabtansa.

Makwabtanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun nuna haka. Tun daga 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan itatuwan da aka sare suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka koyi barin tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, su share sauran, su kāre su daga wuta da dabbobi. Suna kiran wannan sassabin zamani. Ba ya bukatar kuɗi ko ban ruwa, wuƙa da haƙuri kawai. Manomi ya koya wa manomi, ƙauyuka suka kafa dokokinsu na hana sara, har cikin shekaru kamar 20 aka ƙiyasta cewa itatuwa miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Haka nan shirin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma a 2015, ya haɗa da Kano cikin jihohi 11. Amma dashen da babu mai kula da shi ba ya ganin damina ta biyu.

Saboda haka muna kira ga sababbin shugabanni, kansiloli da dagatai da masu unguwanni da shugabannin matasa, su ɗauki ƙwazon Audu Bako da hangen nesansa, su kuma kiyaye abin da ya kuskure wa zamaninsa, watau shawara da mutanen da aikin zai taɓa, har da na ƙasan kogi. Mu kuma talakawa mu farfaɗo da gayya. Ƙungiyoyin mata da na matasa a cikin ikilisiyoyinmu suna iya haɗa hannu da maƙwabtansu Musulmi a cike bakin kwazazzabo da duwatsu da buhunan yashi kafin ruwan farko, a dasa gamba a kan iyakoki, a bar burtali a buɗe domin makiyayi ya wuce lafiya, a kuma sa wa kowane dashe mai kula da shi da suna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasar da kakanninmu suka riƙe da taki da gawo, mu ma sai mu miƙa ta ga 'ya'yanmu tana da rai.